Haƙoran Rissa da Masarata

Litinin, 18 ga Safar 1344, Gangara
Raƙuma uku cikin masarata da hantsi! Wata biyu ina jan guga a kwari ina ba ta ruwa. Mai su, wani Buzu wai shi Rissa, yana tsaye yana ce min in yi haƙuri. Haƙuri? Na zabga masa ƙotar fartanya a baki. Ya faɗi, na ƙara. Haƙora huɗu a ƙasa, jini har wuyan rigata. Ban yi nadama ba.

Talata, 19 ga Safar
Mai gari ya yanke: wanda ya ji wa baƙo rauni shi zai ci da shi har ya tashi. In ya mutu, kaina ’yan uwansa na Tenhya za su nema, kuma shi ba zai tare su ba. An shimfiɗe min shi a zaure.

Alhamis, 21 ga Safar
Gero bai nuna ba, rumbu wayam, sai masarar da raƙumansa suka rage. Na gasa ɗaya na jefa masa. Ya kai baki, ya ƙwalla ƙara, jini ya ɓalle. Kwana uku ruwa kawai yake sha. Tsoro ya kama ni.
Matata Raliya ta ce, "Malam, kai ka fasa bakin, kai za ka ɓare masarar."

Juma'a, 22 ga Safar
Ɗanyar masara ba ta ɓaruwa kamar busasshiya, fashewa take yi. Na kafa ta a ƙwarya na bi da wuƙa. Ruwanta ya fantsamo min ido, wuƙa ta zame ta tsaga min yatsa. Rissa ya yi dariya da wannan mummunan bakin. Wallahi saura kaɗan in soka masa.
Raliya ta daka, ta dama kunu. Ludayi shida ya sha.

Lahadi, 24 ga Safar
Rissa ya nuna min yadda ake ɓare ta: a cire layi ɗaya tukuna, sauran a riƙa ture su gefe da babban yatsa. Ɗan banza, ya iya.

Laraba, 27 ga Safar
’Yan uwansa sun zo, su biyar, takubba a zare. Babbansu ya buga ni da ƙasa, ya taka min ƙirji, ya ɗora min kaifi a wuya. Ya tambayi Rissa wa ya yi masa haka. Rissa ya dube ni, sannan ya ce da Hausa, don in ji, "Raƙumi ne ya harbe ni."
Ban yi masa godiya ba. Sauran masarar na ɓare masa duka, na zuba a jakarsa. In ta zauna lalacewa za ta yi, ba don komai ba.