Tarho Ba Shi da Gashin Baki

Jos, 1953

Zuwa ga ƙanena Kyari, a Bolewa, Potiskum.

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya iyali? Yaya ƙafar mai ɗakina Gumsu?

Ni lafiya lau, abinci ne dai ba ya shiga. Ka san kalmomin Turanci a kunnena duk kamarsu ɗaya. Tun da na zama masinja, gashin bakin Bature nake karantawa: in ya ɗaga, shayi yake so; in ya karkace, akawu zan kira. To, yanzu sun kafa tarho a ofis, wai ni zan riƙa ɗauka. Kyari, abin nan ba shi da fuska!

Kada Gumsu ta ji. Amma gonata ta Gadaka, kada ka ba kowa aronta bana, don mai yiwuwa na kusa dawowa gida.

Allah ya sada mu da alheri.

Yayanka,
Muhammadu Lawan