Hannun Inna da Ruwan Wanka

Lahadi da dare, ƙarshen Mayu 1999, Gwammaja

Barci ya ƙi zuwa. Rediyon maƙwabta ba shi da zance sai na saukar sojoji daga mulki, ni kuwa kukan jaririna Aminu ne har yanzu a kunnena.

Da safe Inna ta sirka ruwan wankansa, ta tsoma hannu kamar yadda ta yi wa dukanmu muna jarirai, ta ce ya yi daidai. Tana zuba masa a ƙafa sai ya ƙwalla wata irin ƙara. Na taɓa ruwan, na janye hannu ba shiri. Na daka mata tsawa, ni da ban taɓa ɗaga mata murya ba.

A asibiti likita ya ɗaure ƙafar, da ya ji yadda abin ya faru sai ya ce wa Inna ta rufe ido. Ya tsikare ta da allura a yatsa. Ta ce, "Ka fara ne, ɗana?" Ya ce ciwon sukari ya cinye jijiyoyin da ke kai saƙo daga fata zuwa ƙwaƙwalwa. Hannu zai ƙone amma labari ba ya isa, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka lafiya lau. A lokacin na lura nata yatsun ma sun ɗuri ruwa.

Ba ta ci tuwo ba. Bayan isha'i ta shigo, ta daɗe tana shafa kan Aminu. Can ta ce, "Binta, gashin nan nasa da laushi?"

Na ce, "Da laushi, Inna."

Ta ce, "To." Ta ci gaba da shafawa.