Hoton Sodikin Cikin Likkafani

Jakarta, 4 ga Maris

Yaya Warsini,

Assalamu alaikum. Ina gaida Baba da Inna, da mijinki mai kan kwakwa. Albishirinki! Wata huɗu a ajin koyon wasan kwaikwayo na Malam Darmaji, sai jiya na samu fitowa a fim. A gawa na fito. Kada ki yi dariya, aiki ne. Malam ya ce sabon shiga riƙe numfashi yake har ya fashe da tari, gwani kuwa da ciki yake shaƙa, kaɗan-kaɗan. Ni na koya musu ɗaurin likkafani ma, ashe karatun allona bai tafi a banza ba. Ga hotona da auduga a hanci. Ki nuna wa mijinki, ki ce bana na fi shi kyau.

Ƙaninki, marigayi Sodikin

Jombang, 20 ga Maris

Sodikin,

Wa alaikumus salam. Ina kasuwa wasiƙarka ta iso. Inna ce ta buɗe, ka kuwa san ba ta karatu, hoton kawai ta gani. Ta faɗi a bakin rijiya. Har yau ɓarinta na dama ba ya motsi, bakinta ya karkace.

Kafin in dawo an yi shelar rasuwarka a lasifikar masallaci, an shimfiɗa tabarmi. Na karanta wa Baba wasiƙar a gaban mutane. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce a ci gaba da tahlilin mamaci, wanda ya sa likkafani don mutane su tafa masa ya zaɓi wurinsa. An yi na uku, an yi na bakwai. Na arba'in zai kama 19 ga Afrilu. Ka zo kafin nan ka durƙusa masa, wawa. In aka yi, ba na jin zai sake kiran sunanka.

Yayarka, Warsini

Tashar motar Jombang, 20 ga Afrilu

Yaya,

Sallama. Tsoro ya hana ni tahowa da wuri, sai jiya bayan la'asar na iso. Kina madafa, ba ki gan ni ba. Na zauna a sahun baya, na ja Yasin tare da su, na ji ana roƙa mini sauƙin kabari. Na leƙa Inna ta taga, tana barci, ban shiga ba.

Da aka tashi, Baba ya tsaya a ƙofa yana raba shinkafar sadaka a kwali. Da layi ya zo kaina na kama hannunsa zan sumbata. Ya zare a hankali, ya miƙo mini kwalina, ya ce, "Mun gode da zuwa, bawan Allah. Ka san yaron ne?"

Ki gaida Inna in ta farka. Na bar ki lafiya.

Sodikin