Muryar Injiniya

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar taki? Na gode da zaman makokin da kika yi mana, Allah Ya saka da alheri.

Kin tambaye ni abin da ya sami Injiniya, na kasa buɗe baki a gaban mutane. Kin san ɗan naki da fanka. Tun da likita ya ce lalurar galahanga ce gare shi, wadda ke sa yaro ya ƙwallafa rai kan abu guda, na daina hana shi. Ƙararta kawai zai ji ya gaya miki abin da ya lalace. Ko shagon ɗinkina ya shigo, sai ya duba fanka kafin ya gaishe ni.

'Yan ajinsu suka ce ya yi musu bayanin fanka su ɗauka a waya. Ya dawo yana kaɗa hannuwa don murna, wai ya yi abokai. Ashe sakawa suka yi duniya ta gani, suka rubuta masa mahaukacin fanka. Shi kuwa ba ya tsallake rubutu, ko na jikin kwali ne. Duk abin da mutane suka rubuta a ƙasa sai da ya karanta, kuma kin san yadda aka faɗi magana haka yake ɗaukarta. Wani ya ce irinsa gara babu. Ya tambaye ni ko gaskiya ne, na ce ƙarya ce. Ya ce to me ya sa mutane da yawa suka danna sun yarda. 

Ya bar cin abinci, ya bar makaranta, ya kashe fankar ɗakinsa cikin zafin nan. Sauran kin sani, hannuna ba zai iya rubutawa ba.

Ki ce wa babban ɗanki na amince, ya kai ƙara a sauke bidiyon. Kullum Auta da kuka take dawowa, ana nuna mata yayanta a makaranta.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Maman Injiniya

*

Yayata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya jikin naki? An sauke bidiyon, ki yi wa yaron godiya. Auta ta ɗan samu sauƙi.

Amma Yaya, ina kan keken ɗinki na nemi muryarsa a kaina na rasa. Fuskar tana nan, muryar babu. Babansa ya farfasa wayar Injiniya ranar rasuwar, tawa kuwa ƙarama ce, ba ta ɗaukar komai.

Sai na yafa mayafi na tafi gidan yaron da ya ɗauka. Uwarsa ta zaci faɗa na zo, ta tare ƙofa. Na gaishe ta, na ce roƙo ne ya kawo ni. Yaron ya fito, ya rantse wai ya goge bidiyon. Da ya ga ba zan tafi ba, ya ce akwai saura. Ya tura wa yarinyar da ke min aiki a shago. Har godiya na yi masa, Yaya. Bakina ne ya faɗa.

Kada babansa ya ji. Idan babu mai kawo ɗinki nakan ari wayar in kalla. Yana bayani da gaske, suna ta ƙyalƙyala dariya a bayansa. Can sai ya waiwaya, ya ga suna dariya, shi ma ya taya su. Daga nan nake mayarwa farko.

Ki sa shi a addu'a, ki sa ni.

Taki har kullum,
Maman Injiniya