Watan da Baba Ya Cinye

Soron Ɗinki, Kano
Asabar, 25 ga Shawwal, 1421

Amincin Allah ya tabbata a gare ka, Yaya Muttaka, sanyin idona, ruwan randa a tsakiyar bazara, ƙamshin ƙasa ranar ruwan farko, inuwar da zuciyata take gudu ta fake in rana ta take. Gaisuwa gare ka adadin matakan da ke tsakanin ƙofar gidanmu da jami'arku ta Nsukka, da fatan ciwon idon nan na yawan karatu ya sake ka.

Ka lura ban ce maka watana ba, ban ce tauraron zuciyata ba? A duk littattafan soyayyar da ke ƙarƙashin katifata, babu budurwar da ba ta da wata da taurari na kiran masoyinta, sai ni. Kai ka ƙwace mini su ɗaya bayan ɗaya! Ka ce wata dutse ne busasshe, haskensa ma na aro ne. Ka ce Zara, wadda nake gaisarwa kullum bayan magariba, ba tauraruwa ba ce, wata duniya ce da babu mai iya numfashi a cikinta. Ka ce taurari wuta ce mai ci, nisa ne kawai ya sa suka yi kyau. To da me zan kira ka, ya kai wanda ya bar ni da sama babu ko ado ɗaya da zan ciro in yafa maka?

Na gaji, Yaya Muttaka. Ba da kai na gaji ba, Allah ya sani. Na gaji da sunkuyar da kai a layinmu, na gaji da murmushin dole, na gaji da maganar da nake shiryawa tun safe in na zo faɗa ta maƙale. Kwana goma sha ɗaya ke nan ina ɗaukar biro ina ajiyewa, domin laifin nawa ne, kuma ban san ta inda ake fara faɗin laifi ga wanda ake kunya ba.

Ka tuna ranar da ka zo mana sallama za ka tafi karatu, shekarar da sojoji suka miƙa mulki, bangon layinmu duk fostocin 'yan takara ruwa ya fara ɓare su? Baba ya yarda ka zauna a soro, aka kawo mana fitilar ƙwai. Na tambaye ka, murya kamar ta sauro, wai me ake karantawa a sama har shekara huɗu. Sai ka tsayar da mai talla ka sayi lemo, ka ciro goro daga aljihu. Ka ce fitila ita ce rana, lemo duniya, goro kuma wata. Ka ɗora mini lemon a tafin hannu, ka riƙa zagayawa da goron a hankali har ya shiga inuwar lemon ya yi duhu, ka ce, “Shi ke nan husufi, Bahijja. Babu wanda ya kama wani.” Na gyaɗa kai kamar na gane. Yau zan gaya maka gaskiya: ban ji ko rabin bayanin ba. Ga duniya a hannuna, ga inuwar fuskarka tana rawa a bango, ina ni ina sauraron darasi?

Da na san ranar biyan wannan sakacin tana zuwa, wallahi da na buɗe kunne.

Wasiƙarka ta watan azumi, wadda ƙanwarka Sa'ida ta miƙo mini a makaranta, na karanta ta har ninkinta ya fara yagewa. Ka ba ni labarin darare a saman benen sashenku, kuna layi a kan madubin hangen nesa guda ɗaya, sauro yana cin rabonsa. Da lissafin da ake cika allo uku ba a kai ƙarshensa ba. Da yadda ake sanin nauyin tauraro ba tare da an ɗora shi a sikeli ba. Sannan a ƙasa ka rubuta: ran Talata, sha huɗu ga Shawwal, bayan sallar isha, wajen takwas saura kwata, in fito tsakar gida in ɗaga kai. Inuwar duniya za ta fara cin wata, kafin ƙarfe tara ya rufe ya yi ja kamar garwashi. Ka ce kai ma kana can kana kallo, idanunmu su haɗu a kansa. Ka ce in bar shi tsakaninmu.

Ban bari ba. Ni da ko gaisuwa sai an ce in ɗaga murya, ni da Inna take cewa a kan manta ina ɗaki, sau ɗaya tak a rayuwata alfahari ya cika mini ƙirji ya fi ƙarfin bakina. Na karanta wa Murja, 'yar ƙanwar Inna, na sa ta rantse. Washegari ta je kitso gidan Talatu maƙwabciyarmu. Kai ma ka san maganar da ta shiga gidan kitso ba ta kwana a can.

Ranar Talatar na tsaya a tsakar gida da agogon Inna a hannu, sanyi yana ratsa mayafina. Takwas saura kwata ta yi, gefen wata ya fara dusashewa, kamar an gutsuri waina. Wayyo, Yaya Muttaka! Ban taɓa jin kusancinka irin na lokacin ba, ko ranar da kake zaune taku biyu daga gare ni. Yara suka fito da gwangwanaye suna kaɗawa suna roƙon rana ta saki wata, masallatai suka ɗauki kabbarar sallar husufi, ni kuwa ina tsaye ina murmushi ni kaɗai kamar wadda aka yi wa albishir. Farin cikin nan bai cika minti goma ba. Sai ga muryar Talatu ta kan katanga: “La ilaha illallahu! Wallahi yaron nan na unguwar Zaitawa ya faɗa! Har ƙarfen ya faɗa! Bahijja, ashe da ɗan duba kike tafe ba mu sani ba?”

Ka ga inda kalma ta kai mu? Kai ka ce ilimin taurari kake karantawa, su ma ilimin taurari suka ji, amma nasu na mai zane a faifan yashi ne, mai gaya wa mutum ranar aure da ranar tafiya. Suna ɗaya, ni ce a tsakiya.

Tun daga ranar ban huta ba. Wata ta tare ni a bakin famfo, wai in tambaye ka wa ya ɗauke mata ɗan kunne. Wata ta kawo mini sunan 'yarta da na uwar 'yar a takarda, wai ka duba ko za ta ci jarrabawa. A makaranta an sa mini suna Matar Malam. Ina cewa lissafi ne, suna cewa ai dama duba ma da lissafi ake yi, sai in ja mayafina in wuce. Wanda ya ƙarasa ni shi ne Alhaji Nata'ala, mai neman kansila a zaɓe mai zuwa. Shi ya tare Baba a ƙofar masallaci, a gaban mutane, yana washe baki, wai yana taya shi murna Allah ya ba shi suruki mai gani har hanji, a taimaka masa da adireshinka ka duba masa tauraronsa kafin ya buga fosta.

Ka san Baba. Shekara talatin yana ɗinkin babbar riga a soron nan, bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba, ranar ma bai ɗaga ba. Ya shigo, ya ajiye carbi, ya ce, “Gaibu na Allah ne. Gidan nan ba a duba, ba a kuma zama da mai duba. Ki gaya wa yaron nan ya dakata da tsayuwa a ƙofata.” Ya ɗauki allurarsa ya ci gaba da aiki. Da dukana ya yi da ya fi mini sauƙi.

Jiya, bayan kwana goma ina juyi, na yi abin da ko jaruman littattafaina ban taɓa karanta sun yi ba. An ɗauke wuta bayan magariba, na ɗauki fitilar nan tamu, na ɗauki lemo, na roƙi Inna goro ɗaya, na yi sallama a soro na durƙusa. Na ce, Baba, don Allah ka ba ni minti biyar. Ya dube ni ta saman tabarau kamar bai san muryar ba. Na ce wannan rana, wannan duniya, wannan wata. Lemon ya suɓuce ya gangara ƙarƙashin rigar da yake wa aiki, duniya guda sai da na rarrafa na ɗauko ta. Na rikice wa ke zagaya wa, na fara juya fitilar, na tuna, na gyara. A ƙarshe dai goron ya shiga inuwa ya yi duhu. Na ce, shi ke nan husufi, Baba, babu wanda ya kama wani.

Sai ya miƙo hannu ya karɓi goron, ya ɓare shi, ya jefa ɓari a baki. Yana taunar watanka ya ce, “Inuwa dai na gani, kuma na yarda. Amma inuwa ba ta san Talata ba. Wa ya gaya masa Talata? Wa ya gaya masa takwas saura kwata?”

Yaya Muttaka, ban sani ba! Wataƙila ka faɗa a daren da ka zo sallama ina can ina kallon bango. Shi ne Baba ya ce, in lissafi ne, ka zo da takardarka da alƙalaminka ka yi shi a gabansa da Malam Baffa limamin masallacinmu, daki-daki, yadda mai ɗinki zai gane, kafin Babbar Sallah. Ya ce in ka zo ƙofa a buɗe take. In ba ka zo ba, ya ji amsarsa.

Na san me nake roƙo. Na san ka ce ba za ka dawo ba sai dogon hutu, na san jarrabawa tana gabanka, na san kwana da yini ake a mota kafin a ga Kano. Na kuma san zuciyarka: ban manta ranar da abokanka suka tsokane ka da boka a wurin ɗaurin aure ka tashi ka bar shinkafarka ba. Ina tsoron ka karanta wannan ka ce mutanen da ba su bambance jami'a da faifan yashi ba, ba su cancanci tafiyar kwana biyu ba. Amma Baba ba raina ka ya yi ba. Tambaya ya yi, irin wadda malamanku suke yi, kuma wallahi tambayar tasa ta fi tawa kyau. Shin wanda ya iya jiran wata ya shiga inuwa har zuwa minti, zai kasa haƙurin awa ɗaya a gaban tsoho mai allura? Shin za ka auna taurarin da ba su san kana yi ba, ka bar zuciyar da ke kiran sunanka ba ka auna nauyin da ke kanta ba?

Ka yafe mini bakina. Na yi maka alkawari, daga yau duk abin da ka rubuto zai tsaya tsakanin idona da ƙirjina. Na kuma yi alkawari in ka zo zan zauna a bayan ƙofa in saurara da kunne biyu, ba zan kalli bango ba, ko da inuwarka ta yi rawa a kansa.

Saura kwana arba'in da 'yan kai. Ban iya lissafinku ba, amma wannan kam kullum da asuba ina rage ɗaya. Ka rubuto ta hannun Sa'ida ka gaya mini rana, har da ƙarfe in ka so, tunda an shaida ba ka saɓawa. Na wanke ƙwan fitilar, na yanke lagwani, lemo kuma ba ya wuya a layinmu.

Goro ne babu. Baba ya cinye. Wannan karon, in Allah ya kawo ka, kai za ka zo da shi, kuma Inna ta ce in gaya maka ba a shiga soron mutane da ƙwaya ɗaya. Ni dai ban ce komai ba.

Taka, a haske ko a inuwa, har ranar da numfashi zai ƙare,
Bahijja