Gwaggo da Hannun Babanku

Zuwa ga autata,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da 'yan jikokina. Yaya tarin ƙaramin? Allah ya sawwaƙe. Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba.

Kada ki yi mamakin ganin takarda alhali jiya muka yi waya. Maganar da ke cina ba ta waya ba ce, don babanku kullum yana kusa, kuma kin san kunnensa.

Gwaggo ce ba lafiya. Ba ƙanwar babanku ba, ita tana nan garau. Ina nufin ƙumbar tekun nan ta akwatin gilashinsa na kifaye da ke falo, wadda kuka laƙaba wa sunan don ta iya zama wuri guda baki buɗe. Yanzu ta kai tafin hannuna biyu, naman nan nata shuɗi ya baje a bakin ɓawon kamar leshi. Kwanaki ya sayo wani dutsen murjani, ashe da baƙi a jikinsa, wasu 'yan halittu ruwan ƙasa masu gashi-gashi mai harbi. Shi ya ce dabbobi ne, ni dai furanni nake ce musu. Sun bar dutsen sun haye ɓawon Gwaggo, sun share wuri sun zauna dab da namanta. Duk inda gashin ya taɓa sai ta janye wurin. Ga shi ita da hasken fitilar akwatin take rayuwa, in ba ta baje ba yunwa za ta kashe ta.

Na ce ya ba ni wuƙa in kankare su kowa ya huta. Ya kalle ni kamar na ce a soya ta. Wai duk ɗan guntun da ya tsinke, sabon fure zai zama. Ciro ta ma ba ya yiwuwa, ta manne da dutse da wasu zaruruwa, in aka fizge ta an kashe ta. Abin da ya rage shi ne a kwaɓa farar ƙasa da kauri, a zuba a sirinji, a ɗura wa kowane fure a baki. Amma in ɗigo ya sauka a namanta, wurin ya ƙone.

To, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Mutumin da ya ƙare aikinsa a asibiti yana yi wa jarirai allura, wanda iyaye mata ke tsayawa a layi su ce sai dai shi, yau hannunsa na dama rawa yake. In ya ɗauki kofin shayi ina jin ƙararsa a kan faranti daga kicin. Na kawo maganar likita, ya ce sanyi ne. Sanyi, a wannan zafin! Tsoro nake ji, auta. Ki yi masa magana, amma kada ki ce daga gare ni kika ji.

Ki gaishe da kowa da kowa.

Mahaifiyarki.


Autata,

Ina gaishe ki, ina gaishe da maigidan da yaran. Na ji daɗi da kika ce tarin ya tafi.

Wayarki ba ta yi amfani ba, sai ma ni da ta jawo wa. Yana ajiyewa ya ce ashe yanzu a gidan nan akwai gidan rediyo. Ya wuni bai kula ni ba.

Sirinjin kuwa ya daɗe yana kewaye shi. Sai da ya fara sayo wasu jatan lande da mai shagon kifi ya rantse suna cin furannin. Suka shige bayan dutse suka ƙoshi da abincin kifaye, har ƙiba suka yi, ko kallon aikin da aka kawo su ba su yi ba. Na so in tsokane shi, sai na gane dalilin sayen nasu, na kama bakina.

Shekaranjiya da hantsi ya ce yau ne. Ya kashe injinan ruwa, akwatin ya yi tsit, ya naɗe hannun riga har kafaɗa, ya ba ni tocila. Furannin da ke nesa da naman ya yi su lafiya, ina gani suka ƙanƙance suka yi fari. Da ya zo kan babban, wanda ke daidai leɓen ɓawon, sai hannun ya fara. Bakin sirinjin yana kaɗawa a ruwa, ya sa hagu ya dafe wuyan hannun, duk biyun suka kama rawa tare. Na ce ya kawo, ni da har yau nake zura zare a allurar kekena ba tabarau. Ya ce, “Ke dai riƙe tocila.”

Ya danna. Abin ya fito da yawa, dunƙule guda ya sauka a kan shuɗin. Gwaggo ta rufe gam. Ya yi maza ya zuƙe abin da zai zuƙu, amma da ta ɗan buɗe da yamma, ga tabo fari kamar tafin babban yatsa.

Na yi fushi, ba zan ɓoye miki ba. Na shiga ɗaki da niyyar in fito in wanke shi tas, shi da taurin kansa. Da na fito na same shi a bakin famfo yana wanke sirinjin, yana sake wankewa, ruwa na zuba, shi kuma bai san ina tsaye ba. Fushin ya bi iska, tausayi ya kama ni. Ranar ko abinci bai taɓa ba.

Ki sa mu a addu'a.

Mahaifiyarki.


Autata,

Da fatan kun tashi lafiya. Ki shafa mini kan yaran.

Gwaggo ta mutu.

Sauran furannin ni na kashe su. Shi da kansa ya ajiye mini sirinjin a kan tebur, ya jawo kujera ya zauna yana faɗa mini, matsa hagu, dakata, danna kaɗan. Ban bar ko ɗaya ba, ɓawon ya fita fes. Ya ce hannuna yana da kyau. Tun da na aure shi bai taɓa yabona a kan akwatin nan ba, kuma wallahi da na fi so ya yi mini faɗa.

Amma ƙunar ta riga ta ci. Tabon ya yi ta faɗi, naman ya yi ta komawa ciki, shuɗin ya dusashe. Jiya ya gitta hannunsa a ƙarƙashin fitila. Ya ce mai rai da ta ji inuwa rufewa take. Inuwar ta wuce a kanta tana karkarwa, ita kuma tana nan hangame. Dole aka cire ta kafin ta ɓata ruwan ta tafi da kifayen. Ni na sa hannu, ta taso ba gardama, zaren nan da yake ta tsoro duk ya saki.

Ni da na yi shekara da shekaru ina mitar gishirin da ke ɓata mini darduma, sai ga ni ina kuka a kan ƙumba. Na ce masa furannin nan dama sun riga sun galabaitar da ita. Ya ce, “Ba su ba ne. Kin gani, na gani.”

Yau da safe ya ce in shirya in raka shi asibiti. Na ce wajen wa? Ya ce wajen ko wane ne, duk yaran da ya koya wa aiki ne, gara su gani da idonsu a gama. Ya yi wanka ya sa farar rigarsa, na ji shi shiru a ɗaki ya daɗe. Na leƙa na tarar da shi tsaye gaban madubi, rigar a buɗe. Ashe ya daɗe yana fama da maɓallai shi kaɗai ban sani ba. Ya juyo ya sauke hannuwansa, ni na saka masa su ɗaya bayan ɗaya har wuya, yana kallon bango.

A bencin asibitin nake rubuta miki wannan, yana ciki tare da likita. In da hali, auta, ki zo.

Mahaifiyarki.