Wanda Ya Koya Mini Jera Dutse

Baba,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Inna? Ina fata ta daina hawa tudu neman itace. Ni lafiya lau, sai ɗan ciwon baya, ba wani abu ba ne.

Baba, akwai maganar da ta daɗe tana cina. Ba a ofis nake aiki ba. Wata gona ce a kan tudu irin namu, ina gyaran katangar dutse. Aikin da na rantse maka a gaban mutane ba zan sake taɓawa ba, shi nake yi.

Jiya mai gonar ya duba katangata ya ce, "Wannan ba hannun ɗan koyo ba ne. Wa ya koya maka?" Sai na ji bakina ya ce, "Ba kowa."

Ranar abinci ya ƙi shiga. Yau da safe na same shi na ce mahaifina ne. Ya ce in gaishe ka.

Ka yafe mini. Kada ka ɗaga manyan duwatsun gonar gangare kai kaɗai, ka jira ni kafin damina.

Allah ya ƙara maka lafiya.

Ɗanka,
Auta